Kawun Da Ya Koya Wa Gidanmu Gudu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba, ya rasu a ƙarshen daminar nan a gidansa da ke unguwar Bekaji a Jimeta. Na zauna cikin masu gaisuwa har aka yi sadakar uku, ina jin kowa yana ba da labarin nasa Kawun, sai tsoro ya kama ni kada su ɗebe shi kaɗan-kaɗan su tafi da shi, mu su bar mu da tabarmi. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Tsofaffin malaman da suka koyar tare da shi a firamare sun zo da manyan riguna, suka ce mutum ne mai tsari, bai san makara ba. Goggo, yayar mahaifina, ta zo daga cikin Yola. Ta yi kukanta ta share, sannan ta dubi matar Kawu, wadda duk muke kira Dada, ta ce, "Allah ya jiƙan rai, amma kam ya wahalar da ku. Mace da furfura tana tsere a titi kamar an biyo ta."

Dada, wadda ke kiran ta Adda, wato yaya, ta ce, "Ai an biyo mu, Adda. Ke ce ba ki waiwaya ba."

Wani mai keke da ba mu sani ba ya tsugunna a bakin zaure gaban Hamma, babban ɗan Kawu. Ina jin sa daga tsakar gida yana cewa, "Baba Lafiya-ne ya tafi ke nan? Kai! To yanzu wa zai gaya mana lafiya ne?" Wasu suka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba. A makon nan an sake jin labarai daga ƙauyukan arewacin jihar, irin labaran da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, a waiwaya kafin a ƙarasa. Wata mai ƙosai kuma ta zo tun daga unguwar Limawa da kwano cike, ta ajiye gaban Dada, ta zauna a gefe ta miƙe ƙafarta mai tabon ƙuna. Da ta huta ta tashi ta tafi.

Kawu malamin wasanni ne kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa daina gudu ba. A da shi kaɗai yake abinsa bayan sallar asuba, da tsohon kambas da wando mai roba a ƙafa, 'yan unguwa suna cewa ƙuruciya ce ta ƙi sakin sa. Siriri ne, dogo, idan yana gudu ba ka jin takunsa sai ya wuce ka. Mu a gida ba ruwanmu. Ni lokacin ina ƙarshen firamare, ba abin da na iya sai zama a gindin darbejiya ina kallon gajimare.

Sai shekarar da mutane suka shigo Jimeta da ƙafa. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya san abin da nake nufi. Sun tsallako gada daga arewa, ƙura har gira, wasu da takalmi ɗaya, wasu da tsumma ɗaure a tafin ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai da coci-coci suka cika, sauran aka rarraba su gidajen mutane. Mu aka kawo mana wata malamar makaranta daga wajen Mubi, Kirista, da 'ya'yanta biyu. Dada ta jiƙa mata ƙafafu a ruwan ɗumi da gishiri, ruwan ya koma ja. Kawu ya zauna a waje, ya jingina da bangon ɗakin, yana yi mata tambayoyi ba tare da ya leƙa ba.

"Madam, su wa suka fara faɗuwa?"

"Waɗanda suka fara da ƙarfi, Baba. Har samari. Kafin rana ya ɗaga sun zube, suna neman ruwa."

"Su wa aka bari?"

Ta ce, "Kowane gida yana da nasa. Namu mamana ne. Ta ce mu je, za ta huta kaɗan ta biyo mu."

Babu wanda ya tambaye ta ko ta biyo su.

Washegari da aka idar da sallar asuba Kawu ya tara mu a tsakar gida, ni da Dada da Hamma. Ya ce, "Kun ji an ce kowane gida yana da nasa. Gidan nan ba zai yi nasa ba." Ya ce idan mutanen dajin, 'yan bindigar da suka koro waɗannan bayin Allah, suka tsallako gada, mai zai ɓace, titi zai toshe, mai mota zai zama abin kallo. Ƙafa ce kaɗai motar da ba a ƙwacewa. Yana da 'yar gonar shinkafa a bakin tafkin Njuwa, can bayan Yola, kuma masunta a wurin sun san shi, suna da kwalekwale. Can za mu nufa. Aikinmu shi ne mu iya kai kanmu Njuwa daga Bekaji ba tare da mun tsaya ba, mu duka, a tare.

Dada ta ce, "Malam, ni rabona da gudu tun ina 'yar talla."

Ya ce, "To jikinki yana bin ki bashi." Ya miƙo mata sabon kambas da ya sayo tun jiya.

Yana da hanyarsa ta auna mutum, wadda ban taɓa gani wurin kowa ba. Kafin mu fita, kowa zai guntsi ruwa ya riƙe a baki. Ba haɗiyewa, ba furzarwa. Mai ruwa a baki dole ya yi numfashi ta hanci, mai numfashi ta hanci kuwa ba ya iya gaggawa. Duk inda ƙirji ya matse ka har ka haɗiye, nan ne iyakarka ta ranar, sai ka lura da falwayar wutar lantarki da ke kusa. Kawu ba ya ɗaura agogo, ba ya rubuta komai. Falwayoyin titi su ne ma'auninsa, kuma ya san na kowa a ka. Idan mun dawo sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: "A ina ka haɗiye? Ke fa?" A mako falwaya ɗaya yake ƙara wa mutum, ko da kana jin za ka iya goma. Ranar Juma'a hutu. Akwai ranar da za mu shiga rairayi mu yi gajeren gudu mai cin cinya, akwai ranar doguwar tafiya a hankali, har ka ji kunyar kiran ta gudu. A ƙarshe kuma sai ka tsaya gabansa ka gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Idan ta yanke, ya ce, "Ban ji ba. Ka yi sauri yau."

Dokarsa babba ita ce, gudun gida gudun na ƙarshe ne. Ko Hamma ya kai ina, inda na ƙarshe ya haɗiye, nan gidanmu ya tsaya. Na ƙarshen kuwa ni ce. Dada, da duk ƙorafinta, cikin 'yan watanni ta wuce ni. Ƙirjina ƙarami ne, kuma hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Wata safiya na haɗiye tun ba mu bar unguwa ba, saboda na ga belbelu sun taso daga wajen kogi a jere, hasken farko yana taɓa cikinsu, na buɗe baki ina kallo.

Kawu ya ce, "Ɓingel," haka yake kira na, wato 'yar yarinya, "tsuntsayen nan sun jira ki?"

Na ce a'a.

"To mu muna jiran ki. Ki tausaya mana."

Hamma, da yake saurayi ne mai zafin jini, ya kasa haƙuri wata rana. "Baba, saboda yarinyar nan muke tafiyar hawainiya. Ni da tuni na isa Njuwa na dawo."

Kawu ya ce, "Bismillah, wuce. Amma tun a hanya ka shirya abin da za ka gaya mini idan na iso na tambaye ka ina ƙanwarka."

Hamma ya daidaita takunsa da nawa. Ni kuwa daga ranar na san matsayina. Idan gidanmu zai yi nasa, ni ce. Duk lokacin da jirgin soja ya wuce ta saman rufinmu, ko aka ji ƙara daga nesa aka yi tsit ana saurare, sai in ƙirga falwayoyina a zuci, in ga ba su kai ko rabin hanya ba.

Kuskuren da ya ba Kawu sunan da mai keke ya kira shi da shi ya faru ne jim kaɗan bayan bom ya tashi a kasuwa. Garin a lokacin kamar fatar ganga yake, ko ƙuda ya sauka sai an ji. Kawu ya ce lokaci ya yi da za mu koyi bin lunguna, mu kuma saba gudu da kaya. Ya sa kowa ya ɗaura ƙullin tufafi a baya, muka guntsi ruwa, muka yanka ta Limawa gari bai gama wayewa ba. Ba wanda ya san mu a can. Abin da mutanen Limawa suka gani shi ne tsoho da tsohuwa da saurayi da yarinya, da ƙulli a baya, suna gudu ido a gaba.

Wani mai shayi ya miƙe. "Lafiya? Baba, lafiya?"

Dukkanmu bakinmu cike da ruwa. Kawu ya ɗaga masa hannu kawai, ya wuce. Mai shayi ya sake tambaya da ƙarfi, bai sami amsa ba, sai ya yar da ludayi ya kwarma ihu: "Sun shigo!"

Ban taɓa ganin abu ya bazu haka ba. Ƙofofi suka buɗe. Mata da goyo, maza ba riga, wani yana jan tsohonsa a baro. Suka cika layin, suka wuce mu, suka tafi da mu kamar ambaliya. Kawu ya furzar da ruwansa yana ihu lafiya ne, lafiya ne, amma wa zai ji? A bakin kwana wata mata tana suyar ƙosai. Aka bangaje kaskon, tafasasshen mai ya bi ƙaurinta. Har yau idan na ji ƙaurin mai a wuta, kukanta nake ji.

Jauro, wato mai unguwar, ya kira Kawu, ya yi masa faɗa gaban jama'a, Kawu yana tsugunne kansa a ƙasa. Amma faɗan gida ya fi zafi. Ban taɓa jin Dada ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Ka ce kada a bar kowa a baya. Waccan baiwar Allah ba kowa ba ce? Mutanen dajin ba su zo ba, kai ka zo!"

"Na yi kuskure."

"Kuskure! Ka cika mana baki da ruwa kamar randuna, aka tambaye mu lafiya muka kasa amsawa. A garin nan! A wannan lokacin!"

Ta jefa kambas ɗinta bayan murhu, ta yi kwanaki ba ta fita ba. Kawu bai lallashe ta ba. Kullum da asuba sai ya tafi Limawa, ya ɗauki bokitin waken matar nan ya kai inji, ya dawo da shi a ka, ya hura wa 'yarta wuta, don kada sana'ar ta mutu kafin ƙafar ta warke. Dattijo mai fansho, da bokitin ƙullu a ka. Mutane suna kallo, shi ko a jikinsa. Ranar da matar ta fara takawa ta ce masa, "Baba, ya isa haka, ka bar ni in ji haushinka kaɗan mana." Ya dawo gida yana ba mu labari yana dariya, a ranar ne Dada ta ciro kambas ɗinta ta kakkaɓe toka.

Amma bai fasa gudun ba. Abin da ya sauya shi ne, shi ya daina guntsar ruwa. Ya bar ma'aunin da yake auna kansa da shi tun yana saurayi, ya koma gabanmu yana shela a kowane layi: "Lafiya ne! Motsa jini ne! Lafiya ne!" Da farko ana tsaki. Daga baya masu shayi da masu keke suka fara amsa masa. Wata maƙwabciyarmu ta ce da Dada ita ba ta iya sauke tukunya da natsuwa sai ta ji muryarsa ta wuce. Ni dai muryar ba ta taɓa kwantar mini da hankali ba. Mutum ba ya yawo yana cewa lafiya ne sai a garin da ake shakka.

Mutanen dajin ba su tsallako gada ba. Allah ya tsare. Baƙuwarmu ta koma garinsu da 'ya'yanta, makarantu suka koma karatu. Mu kuwa muka ci gaba, falwaya bayan falwaya, sai da na shiga babbar sakandare kafin na kai Njuwa da ruwana a baki. Na tuna safiyar. Hazo kwance a kan tafkin, masunta kamar an zana su da gawayi, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Na furzar da ruwan a gindin kunya, na tsaya gaban Kawu na gaishe shi tun daga ina kwana har yaya iyali, numfashina bai yanke ba. Na zaci zai yabe ni. Sai ya juya ya dubi hanyar da muka biyo, ya ce, "Yau gidanmu ya iso." Ya zauna a ƙasa ya cire takalmi, ya daɗe yana zazzage rairayin da babu shi.

Bayan nan gwiwa ta zaunar da Dada. Hamma ya sami aikin ofis, ya yi aure, ya yi tumbi. Ni ce na riƙe gudun, abin da ba wanda ya zata. Da na shiga jami'a na sayi agogon nan mai ƙirga bugun zuciya da nisan tafiya, na kawo masa ina ɗoki. Ya juya shi, ya sa na karanta masa abin da ya nuna na makonni. Ya gyaɗa kai ya ce agogon yana da hankali, domin shi ma ya lura ina yawaita sauri ranar da ya kamata in sassauta. Sannan ya ce, "Yana ƙirga waɗanda ke bayanki?" Na ce a'a. Ya miƙo mini. "To ki riƙa waiwayawa da kanki."

Ciwon suga ne ya kama shi. Ƙaramin rauni a ɗan yatsa ya ƙi warkewa, aka yanke yatsan, daga baya aka ƙara gaba. Mutumin da ba a jin takunsa ya koma sai an ɗaga shi an kwantar. Titunan Bekaji suka yi shiru da asuba. Kuma a daidai wannan lokacin ne labaran arewa suka fara dawowa, ƙauye kaza an shiga, ƙauye kaza an kwana a dutse.

Ya sa aka kira mu bakin gadonsa. Ya ce, "Kun san dokar gidan nan. Yanzu ni ne na ƙarshe, kuma falwayata ita ce ƙofar ɗakin nan. Don haka na soke dokar. Idan ranar ta zo, a sa Dada a gaba, ku tafi. Ni zan huta kaɗan."

Na san inda na taɓa jin wannan maganar, haka mahaifiyar baƙuwarmu ta ce. Hamma ya ce, "Baba, ba kai kaɗai ka kafa ta ba, da ƙafafunmu aka kafa ta. Ba ta sokuwa."

"Kai da wannan tumbin? Ko bakin titi ba za ka kai ni ba."

Washegari Hamma ya zo da asuba daga gidansa, ya ɗaure buhun masara a baya da zanin Dada a madadin mahaifinsa, ya guntsi ruwa, ya fita. Ni ce nake gabansa ina shelar lafiya ne, da 'yar muryata da ba ta kai ko'ina. Ranar farko bai wuce layinmu ba ya haɗiye, ya durƙusa yana haki. Kawu ya ce ba ruwansa, wauta ce. Amma gadonsa yana jikin taga, kuma malami ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru. Kafin mako ya zagayo muna jin sa ta taga: "Gajarta taku! Sauke kafaɗa, ba dambe za ka yi ba!" Idan mun dawo sai ya kira ni a gefe, ya ce, "A ina ya haɗiye?" In gaya masa. Ya shiga lissafin abin da ya rage, ina ganin lissafin a fuskarsa, ba ya fita.

A lokacin ne ya fara mayar da abinci. Dada za ta kai masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture. Kunu, ya kurɓa ya ajiye. Likita ya ce ciwon ne, haka yake yi idan ya taɓa ƙoda, Dada ma abin da take faɗa ke nan har yau, kuma ni ba ni da ilimin da zan musa. Sai dai wata rana da na matsa masa, na ce Kawu ko don ni ka ƙara loma ɗaya, ya yi murmushi ya nuna taga da haɓa, inda buhun yake jingine. Ya ce, "Ɓingel, ina rage wa yaron nan kaya." Na yi dariya don ya ga na ɗauke ta wasa. Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Hamma ya ci gaba. Tumbin ya zube, ya wuce unguwa, ya wuce shataletale, ya fara hango hanyar Yola. Kowane mako yana ƙara falwaya, kowane mako Kawu yana raguwa a kan gado, kamar su biyun suna sauri su haɗu a tsakiya. Ba su haɗu ba. Kawu ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, Dada tana riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alheri a kan kowane taku da ya jira ni. Garin da ya bari kuma Allah ya tsare shi, domin har yanzu muna saurare.

Akwai abu ɗaya da masu gaisuwa ba su gani ba. Da aka dawo daga maƙabarta, Hamma bai zauna a rumfa ba, ya shigo cikin gida da ƙasa a gwiwoyinsa. Shi ne ya shiga kabarin ya karɓi mahaifinsa. Ya tsaya a tsakar gida yana duban hannayensa biyu, a buɗe, kamar har yanzu akwai abu a kansu. Na kawo masa ruwa, bai karɓa ba.

Ya ce, "Ko rabin buhun bai kai ba. Da ma ya ci abincinsa. Wallahi da zan iya."